Hirar Tsakar Gida, Kashi na 23: Gurguwa da Hannun Abba

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba. Masu saurare kuma in kun ji cara a bayan muryata ku yi haƙuri, zakaranmu ne. Ba shi da agogo, ƙarfe huɗun yamma ma cara yake yi.

Yau labarin gidana zan ba ku, kuma tun yanzu in faɗa muku, ban fito a jarumi a cikinsa ba. Na daɗe ina jujjuya shi a raina. Sai da na nemi izinin Maman Abba, na nemi na Hajiyata, sannan na zauna gaban wannan makirfon. Hajiya cewa ta yi: "Faɗa musu, wataƙila wani ya tsira da hannun ɗansa."

To bari mu fara daga kaji, don daga nan abin ya faro.

Gidanmu a nan Kano ba wani babba ba ne, ɗaki uku ne da tsakar gida, sai wani lungu a bayan kicin inda muka kafa akurki. Maman Abba ce ta fara kawo sagara biyu daga garinsu, ni kuma na sayo zakara. Kun san kajin Hausa, ba sa neman komai a wurinka sai dusa, da ɗan tsaki, da ruwa a kasko. Kaza ta yi ƙwai goma sha, ta kwanta, kwana 21 ta fito maka da 'yan tsaki. Har ƙwan zabi mun taɓa sa wa wata, shi yana kai wajen kwana 28, baiwar Allah ta yi ta kwanci tana jiran 'ya'yan da ba nata ba. Kafin shekara biyu kajinmu sun kai 20. Kuɗin littafin Islamiyya, kuɗin cefanen gaggawa, baƙo ya zo ba shiri, duk akurkin nan ne ke rufa mana asiri.

Sai hunturun ƙarshen 2022. Na je wata kasuwa na ga wani jibgegen zakara ana sayarwa da araha, arahar da ya kamata ta sa ni tambaya. Ban tambaya ba. Na kawo shi na sake shi cikin kajin a ranar. Kwana huɗu, biyar, kaji suka fara rurrufe ido suna saukar da fukafukai. Kashinsu ya koma kore, ruwa-ruwa. Wasu suna buɗe baki suna jan numfashi da ƙyar, wasu wuyansu ya murɗe suna kallon sama. Me ba mu yi ba? Barkono a ruwa, saƙe-saƙin maɗaci, kafso ɗin nan ja da rawaya da kowa ke fasawa a kasko. Kullum da asuba sai na ɗebo gawa. Cikin kwana goma, kaji 20 suka koma 3.

Na zauna a majalisa ina cewa ƙaddara ce, iskar hunturu ce. Wani maƙwabcinmu da ya karanci lafiyar dabbobi ya bar ni na gama, sannan ya ce: "Malam, ƙaddara ce, gaskiya ne. Amma ka yi musu rigakafi?" Na ce rigakafin me, kajin Hausa? Ya yi dariya. Shi ya wayar mini da kai cewa cutar nan ita likitoci ke kira Niyukasul, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi ya sa kafso ba ya taɓa ta, kuma ta fi yin ɓarna a lokacin hunturu. In ta shiga ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai sauƙi, ɗigo ɗaya a ido. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa, har da wani nau'i mai jure zafi saboda kajin ƙauye, ga kuma Lasota da masu gidan gona suka sani. Ana maimaitawa kamar duk wata uku zuwa huɗu, kuma lafiyayyar kaza ake yi wa, wadda ta riga ta kamu an makara. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiye ta, shi ya sa yanzu gida biyar muke haɗuwa a layinmu mu yi rana ɗaya. Sabuwar kaza kuma daga kasuwa sai ta yi sati biyu a keɓe kafin ta ga sauran.

Na ɗauka na koyi darasi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Cikin ukun da suka tsira akwai wata baƙar kaza mai ɗigon fari a wuya. Bayan wasu watanni ƙofar kicin ta datse mata ƙafa, ta karye. Abba, babban ɗana, lokacin yana da shekara goma, ya ce shi zai yi mata ɗori. Ya samo tsinken tsintsiya, ya samo zaren ɗinki na mamansa, ya naɗe ƙafar nan tamau. Shi a tunaninsa, iya ƙarfin ɗauri iya saurin warkewa. Ni ma na gani na ce ya yi ƙoƙari. Kwana biyu yatsun kazar suka kumbura. Kwana huɗu suka yi baƙi. Da muka kwance, ƙafar daga wurin zaren zuwa ƙasa ta mutu, daga baya ta bushe ta guntule. Kazar ta rayu, tana nan har yau tana tsalle da ƙafa ɗaya da dungu, kuma duk gidan ba mai kwancinta. Ummi, ƙanwar Abba, ita ta raɗa mata suna Gurguwa. Abba ya yi kuka ranar, na rarrashe shi na ce niyyarsa mai kyau ce.

To yanzu ga maganar ƙwallo.

Abba gola ne. Duk yaran layinmu kowa so yake ya zama mai cin ƙwallo, shi kuwa raga yake so. Kun tuna gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ranar 7 ga Fabrairun 2024, da Stanley Nwabali ya tare fenariti biyu? Daga daren nan yaron nan ya daina amsa sunan Abba a fili, sai Nwabali. Abin da bai lura da shi ba, shi Nwabali a kan ciyawa yake faɗuwa, shi kuma filin firamaren unguwarmu ƙasa ce da rana ta gasa ta zama kamar daɓe.

Wata Asabar da yamma, wajen sati biyu kafin azumi, ina shago sai ga kiran Maman Abba. Ta ce: "Baban Abba, ka zo gida yanzu." Ba ta ƙara komai ba. Na iso na tarar da yara cike da zaure, Abba a zaune riƙe da hannunsa na hagu, ɗan sama da tsintsiyar hannu ya kumbura ya ɗan lanƙwashe. An buga fenariti, ya yi sufa, ya dira a kan tafin hannu. Abin da ya fara ce mini, da hawaye a fuskarsa: "Baba, amma na tare."

Hajiyata tana zaune tare da mu. Abba sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ba ta kiran sunansa, "mai gidana" take ce masa. Ta duba hannun ta ce a kai shi wurin mai ɗori, akwai wani dattijo da ya gada kaka da kakanni, shi ya ɗora ƙanina muna yara kuma ya warke sumul. Maman Abba ta ce a hankali: "Hajiya, da dai an fara zuwa asibiti an ɗauki hoto." Hajiya ta ce asibiti ba su san komai ba sai yanka da cin kuɗi.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa Hajiya ba. Ni ne uban yaron. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, lissafi nake yi a zuciyata. Ƙarshen wata ne, an cire tallafin mai kaya sun yi tsada, ga azumi na tafe. Ɗori naira dubu uku ne, asibiti kuwa ban san inda zai tsaya ba. Sai na ɓoye tsoron kuɗin a bayan biyayya ga uwa, na lulluɓe shi da kalmar tawakkali. Na ce wa matata: "Ki bari, Allah ne mai warkarwa." Ta yi shiru.

Aka je. Dattijon ya ja hannun, Abba ya yi ƙarar da har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ya shafa magani, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ɗaure sosai. Ya ce kar a taɓa sai bayan kwana bakwai, kuma in yaro ya yi kukan zafi a ƙyale shi, ƙashi ne ke haɗuwa.

Muka dawo bayan isha'i. Aka ba shi farasitamol, bai yi barci ba. Sha ɗaya, sha biyu, kukan sai ƙaruwa yake. Ni ina ta ce masa ya daure, ai namiji ne. Wajen ƙarfe ɗaya na dare Maman Abba ta haska fitilar waya a kan yatsunsa. Sun kumbura sun yi tsai kamar za su fashe, launinsu ya fara sauyawa. Ta taɓa, sanyi. Ta ɗan miƙar da yatsa ɗaya, yaron ya ƙwalla ƙara. Ya ce kan yatsun kamar ba nasa ba, kamar tururuwa na yawo a ciki.

Ta ɗago ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Baban Abba, ka tuna ƙafar Gurguwa?"

Wallahi jama'a, kamar an watsa mini ruwan randa. Kwana huɗu na kalli ƙafar kazar nan tana mutuwa a gabana, ga shi yanzu ina kallon abu ɗaya a hannun ɗana ina ce masa ya daure. Na ɗauko almakashi na yanke tsumman nan. Shatin kararen ya nutse a fatarsa. Muka samu kwalin taliya muka lanƙwasa, muka kwantar da hannun a ciki, muka rataye da ɗankwali sako-sako. Na buga wa maƙwabcina mai mota ƙofa. Allah ya saka masa da alheri, ko tambaya bai yi ba, makulli kawai ya ɗauko.

Muka nufi asibitin ƙashi na Dala. Likitan da ke bakin aiki ya duba yatsun, ya danna farce ya ga yadda jini ke dawowa, ya sa Abba ya motsa su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni awa nawa ɗaurin ya yi, na faɗa masa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bayani ya yi mini. Ya ce duk karaya tana kumbura a kwanakin farko, in aka ɗaure ta tamau kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini a ciki. Naman da jini bai isa gare shi ba yana fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i, kamar shida zuwa takwas. Wani yaron hannun ke shanyewa yatsu su ƙanƙame har abada, wani kuma sai an yanke. Ya ce da mun jira kwana bakwai ɗin nan, da wata maganar ake yi.

Hoton ƙashi ya nuna ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa ne ya karye, kusa da wurin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo. Wannan wurin, in ji shi, shi ya sa karayar yaro a kusa da gaɓa take son a gan ta a hoto, don in ya lalace hannu na iya girma a karkace. Suka kwantar da mu suna duba yatsun a kai a kai har gari ya waye. Da kumburin ya fara sauka suka ba shi maganin kashe zafi suka gyara ƙashin, suka sa masa rabin siminti, wato ta gefe ɗaya kawai, don a bar wa kumburi wuri. Sai bayan kamar sati aka zagaye shi da cikakke.

Kuɗin fa? Akurki ne ya biya. Kajin da muka sake tarawa bayan annoba, waɗanda rigakafi ya tsare mana, guda bakwai na kama na sayar, na cika da rance. Mai sayen ya nuna Gurguwa ya ce a haɗa masa da ita a yi masa ragi. Ummi ta rungume kazar ta ce sai dai a sayar da ita Ummin. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, to a gidanmu dai ya hana.

Abin da na fi jin tsoro shi ne haɗuwa da Hajiya, don na kwance ɗorin da ta sa a yi ba tare da na tashe ta ba. Da na dawo da safe ɗaukar kaya na durƙusa na gaishe ta, na ce: "Hajiya, ki gafarce ni, na saɓa maganarki." Ban ce mata ta yi kuskure ba. Hoton yatsun da Maman Abba ta ɗauka da daddare kawai na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce: "Ɗauko mini mayafina, ka kai ni wurin mai gidana." A asibitin ta kama hannun surukarta ta riƙe, ba ta ce komai ba, ita ma ba ta ce komai ba. Daga ranar, in wani abu ya taso na lafiyar yara, Hajiya cewa take: "A tambayi uwarsu."

Kar wani ya ce na zo zagin masu ɗori. Da yawansu gadon gidansu ne, sun taimaki mutane a wuraren da babu asibiti, kuma akwai masu cewa wannan ta fi ƙarfina, ku tafi asibiti. Sai dai komai ƙwarewar hannu ba ya ganin cikin ƙashi, kuma ɗauri mai tsanani a kan sabuwar karaya haɗari ne ko wane ne ya yi shi.

Abba ya yi azumin shekarar da siminti a hannu. Nan ma mun ƙaru, don ya damu ƙwarai da yadda zai yi alwala. Malaminsu na Islamiyya ya nuna masa cewa zai wanke abin da ke wankuwa, ya shafi saman ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu, alwalarsa ta yi. Yaron ya yi mamakin cewa addini ya san da mai karaya.

Wani dare bayan tarawihi muna zaune a tsakar gida, sai ya ce: "Baba, ranar nan fa na yi addu'ar fita daga gida. Me ya sa na karye?" Na yi shiru, don tambayar ta fi ƙarfin amsar da na saba bayarwa. Na ce masa addu'a ba ciniki ba ce da za ka biya a miƙo maka, roƙo ne, kuma Allah ya fi mu sanin ta inda zai amsa. Na ce wa ya sani ko addu'ar ce ta sa mamanka ta haska fitila ƙarfe ɗaya maimakon ta jira asuba. Ya yi tunani ya ce: "Ko ita ce ta sa Gurguwa ta karye tun bara." Na ce wannan kam sai malamai, amma ni ma na yi wannan tunanin.

Washegari na kai wa malamin nasu tambayar, na kuma faɗa masa abin da na yi da kalmar tawakkali. Ya tuna mini hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Ya kuma ba ni labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Malam ya ce karayar Abba ƙaddara ce da ba ni da hannu a ciki. Abin da na yi bayan karayar kuwa zaɓina ne, kuma za a tambaye ni a kansa, don yaro amana ne.

Na san hadisin raƙumar nan tun ina ƙarami. Na ma koyi darasinsa a kan kaji, har ina yi wa maƙwabta wa'azin rigakafi. Amma ranar da abin ya zo da tsada, sai na nemi kalmar addini na fake a bayanta. Ku matasa da ke saurare, da yawanku ba ku yi aure ba, amma ku ne ake kira in ƙani ya faɗo daga bishiya ko an yi karo a fili. In za ku ce "Allah ne mai warkarwa", ku faɗa kuna kan hanyar neman magani.

Ga abin da na koya, a taƙaice. In yaro ya faɗi, wuri ya kumbura ko ya lanƙwashe, ko ya kasa amfani da gaɓar, ku ɗauke ta a karaya har hoto ya ce targaɗe ne. Kar a ja, kar a murza, kar a gasa da ruwan zafi. A tallafe da kwali ko katako, a ɗaure sako-sako, a cire zobe ko agogo kafin kumburi. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a tsumma a ɗora. Kar a cika shi da abinci, don wataƙila a yi masa allurar barci. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi nan take. Kuma ko ɗorin gida ne ko simintin asibiti, in zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi ko sun mutu da ji, ba a jiran gari ya waye.

An cire wa Abba siminti ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah. Hannun ya fito siriri yana saɓa, ya tsorata, likita ya ce zai ciko, ya kuma hana shi tsaron raga na wasu makonni. Yanzu ya koma fili, amma shi da abokansa sun kwashe duwatsun bakin raga sun zuba yashi buhu huɗu. Shi ne kuma mai riƙe kaji ranar rigakafi, shi ke rubuta kwanan wata da gawayi a bangon akurki. Gurguwa a yanzu haka tana kwance a kan ƙwai tara, saura mata kwana shida.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da mara lafiya a gida ko a asibiti, Allah ya ba shi lafiya. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. A gaida mutanen gida, sai mun haɗu a kashi na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.